Kowa Ya Zo da Kifinsa

A garinmu Port Ansel mutum uku ne ake rage gudun mota a gaishe su: fadan coci, likita, sai ni, Orval Thibodeau. Matata Helmi ta ce ni ana rage gudun ne don a tsakiyar titi nake tafiya, amma ita dama ba ta taɓa ganin girmana ta bar shi ya kwana lafiya ba.

Aikina ba ƙarami ba ne. Ni ne mai jar fitila a filin hokin ƙanƙara na ƙungiyarmu, Masunta. Ina zama cikin ɗan akwatin gilashi a bayan raga, babban yatsana a kan maɓalli. Da baƙin faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ya shiga raga sai in danna, fitila ta kama, ƙaho ya yi kuka, fili ya ɗauka. Haka dai aka tsara abin. A aikace kuwa, yaranmu sun daɗe da yin hannun riga da raga, har yatsan nawa ya fi kowane yatsa a ƙasar Kanada samun hutu. Sai a zango na biyu, in an sauya gefe, baƙi su zo su ba shi aiki.

Filin yana ɗaukar mutum dubu uku. Zamanin da kamfanin kifi ke aiki, sai ka ba hammata iska kafin ka sami wurin tsayuwa. Yanzu kuwa in ka yi atishawa a kujerun gabas, daga yamma za a ce maka sannu. Mai sanarwa ya daina cewa "jama'a 'yan kallo", sunayenmu yake kira ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da golanmu ya juyo ana cikin wasa ya tambayi Arvo, wan matata, yadda ƙafar mahaifiyarsa ta kwana. Ba wai ba a son Masunta ba ne. Kowa yana da rigarsu, kowa zai iya dambe a kansu a mashaya, amma daga kan kujerar falonsa yake son su, gaban talabijin mai faɗin ƙofar gareji, yana kallon manyan ƙungiyoyin birni.

Ana haka sai Mista Krahn, mai ƙungiyar, wani attajirin tayoyi da ke zaune a birni, ya aiko da saƙo. Zai zo wasan ranar Asabar ta ƙarshen wata. In ya ga kujeru a cike, Masunta su zauna. In ya ga abin da aka saba, zai kwashe su ya kai wani gari can kudu, inda ba a ganin ƙanƙara sai a kofin lemo.

Muka taru a ɗakin ƙasa na coci. Kowa ya zuba wa kofinsa ido kamar a ciki amsar take. Na ba su lokaci su gama nuna gazawarsu, sannan na miƙe.

"Ku bar mini. Ba kujera kaɗai ba, har matakala sai an zauna a kai."

Arvo ya ce, "Kai ɗin? Kai da mutum huɗu suka zo bikin cikarka shekara sittin, biyu ma kuskuren gida suka yi?"

"Wancan ban yi talla ba."

"Ka yi, Orval. Har a rediyo."

Ban kula shi ba. Mai babban tunani ba ya tsayawa amsa wa masunci.

Tunanin nawa a kan al'adarmu na gina shi. Tun zamanin kakanni, in Masunta suka zura faifai a raga karon farko a wasan gida, sai a jefa kifi guda a kan ƙanƙara. Goggo Sirkka, ƙanwar uban Helmi, ita ke jefawa tun rasuwar mijinta, ta haura tamanin amma hannunta bai san da wannan ba. Dokar kuma kowa ya san ta: kifin da ya shigo fili ba a ajiye shi a ƙasa, ba ya fita ta ƙofa, ba a kuma jefa shi sai an ci. In ba a ci ba, Goggo takan sa nata a firizar kantin fili ya jira wani wasan. Akwai kifinta da ya fi magajin gari halartar wasa. Sau ɗaya wani mashayi ya jefa kafin lokaci, a shekarar aka rufe kamfanin kifi. Mu mutane ne masu ilimi, ba mu yarda da camfi ba, sai dai ba wanda ya sake gwadawa.

"Maimakon kifi ɗaya," na ce, "kowa ya zo da nasa. Mai kifi ya shiga kyauta. Da Masunta sun ci na danna fitila, kifi dubu uku su tashi sama lokaci guda. Krahn zai ga abin da bai taɓa gani ba."

A nan kam na faɗi gaskiya.

Abin da ya kamata ya tsorata ni shi ne yadda matan gari suka karɓi shawarar hannu bibbiyu. Kowane gida a Port Ansel akwai ƙatuwar firiza a ɗakin ƙasa, cike da kifin da maigida ya fasa ƙanƙarar tafki ya kamo, wanda shi ya ƙi a zubar, uwargida ta ƙi dafawa. Helmi, wadda tunda muka yi aure ba ta taɓa yaba dabarata ba, ta dafa kafaɗata ta ce, "Maigida, wannan karon ka yi kai." Ta shige firiza har ƙugu ta zaƙulo wani dogon kifi daga can ƙasa.

"Wannan ai shi na kama shekarar auren 'yarmu!"

"Shi ne. Jikokinka sun shiga makaranta, shi yana nan kwance."

Ana gobe wasa na je wurin kocinmu, Yvon, mutumin da shan kashi ya sa ya daina mamakin komai.

"Koci, abu ɗaya nake so. Ku ci da wuri."

"Da wuri a wane wata?"

"Minti biyar na farko."

"Ka san da wa za mu kara? Kyarketan Dunmore. Golansu in ya tsaya a raga kamar an jingine katifa."

"Katifa ma tana da gefe."

Ya dube ni ya ce Allah ya ba ni lafiya. Na ce amin, don na ɗauka addu'a ce.

Sai na ƙara wata dabarar da ban gaya wa kowa ba. A saman kujeru akwai murhunan gas na ɗumama jama'a, an yi shekaru ba a kunna ba saboda tsimi. Na ce babban baƙo ba zai ji sanyi a filina ba. Da safe na hau tsani na kunna su kaf, na murɗa har ƙarshe.

Da azahar layi ya kai gidan mai. Kowa da kifinsa a hammata, a sandare kamar itacen girki, in biyu suka gogu sai ka ji ƙwas. Fada ya naɗo nasa a jarida. Wani marowaci ya zo da gwangwanin sadin yana gardama a ƙofa, na yanke hukunci nan take cewa kifi sai mai kai da wutsiya. Mista Krahn ya iso cikin farar kwat ta ulu mai tsada, na kai shi kujerar girma da kaina, layin gaba, tsakiya, dab da gilashin da ya kewaye ƙanƙara. Ya waiga ya ga jama'a har rufi.

"Thibodeau, ban zaci haka ba."

"Ranka ya daɗe, wannan somin-taɓi ne."

Na shige akwatina na ja ƙofa. Akwatin nan ni da kaina na toshe kowace kafarsa da roba saboda sanyi, ko iska ba ta shiga sai da izinina.

Zangon farko faifai bai zo ko gaishe ni ba. Jama'a dai suna ta ihu, kifaye a cinya. Can na ga an fara tuɓe rigunan sanyi, na ce madalla, murhu yana aiki. Da aka tafi hutu ban fito ba, na zauna ina shan kofina, don babban mutum ba ya yawo a ranar bikinsa.

Zango na biyu Kyarketai suka dawo gefena, suka yi ta ɗura mana har yatsana ya yi zafi. Amma ni hankalina yana kan jama'a. Na ga mata sun rufe fuska da gyale. Na ga ƙarti suna share hawaye. Na ga fada ya miƙe hannu ya ɗaga kifinsa nesa da jikinsa, ya juyar da kai, ido a rufe, na ce ka ga bawan Allah, har albarka yake sa wa. Wasu suna ta ɗago mini hannu suna nuna sama. Na ɗaga musu nawa a hankali, irin na gwamna. Wallahi har ƙwalla ta taru mini, na ce ashe haka mutanen nan ke ƙaunata.

A hutu na biyu Helmi ta zo tana dukan gilashina da tafin hannu. Na buɗe ƙofa da murmushina. Abin da ya shigo ba wari ba ne, mari ne.

"Subhanallahi! Me ya mutu?"

"Kifinka, Orval. Ya daɗe da mutuwa, yau ne labari ya iske shi."

Siket ɗinta ya jiƙe sharkaf. Kifin da ya shigo a miƙe kamar sanda yanzu ya lanƙwashe a hannunta yana ɗiga.

"Wane mara hankali ne ya kunna murhu?"

"Za a bincika," na ce.

Na ruga ɗakin inji na kama marikin gas na murɗa. Tsatsa ta riƙe. Na sa ƙarfi, marikin ya biyo hannuna, murhu kuwa ya ci gaba da aikinsa. Na sa marikin a aljihu don kada a yi ta surutu. Sai wata dabarar ta zo mini, don ni dabara ba ta yanke mini, na sa aka wangale manyan ƙofofin baya iska ta shigo. Iskar waje mai sanyi ta haɗu da tururin mutum dubu uku da kifinsu, hazo ya sauko ya kwanta a kan ƙanƙara. Bayan hazo sai karnukan gari, waɗanda suka daɗe a bakin ƙofa suna jiran gayyata.

Na tarar da Arvo ya sunkuya yana miƙa wa wani kare kifinsa a ɓoye. Kafin kare ya kai baki sandar Goggo Sirkka ta sauka a gadon bayan Arvo.

"Ka ajiye shi in ajiye ka!"

"Goggo, ya fara narkewa cikin wandona!"

"Ubanka ya riƙe nasa wasa uku a jere bai yi kuka ba. Koma ka zauna."

Ta ja kujera ta kafa a bakin ƙofa, sanda a gwiwa. Duk wanda ya taso da niyyar sulalewa, in ya hango ta sai ya yi kamar banɗaki yake nema.

Mista Krahn ya yafito ni, hankici a hanci.

"Yaushe za a jefar da abin nan?"

"Da zarar mun ci, ranka ya daɗe."

"Yaushe rabonku da ci?"

"Ranka ya daɗe, yau ranar farin ciki ce, kada mu shiga tone-tone."

Na koma akwatina. Wannan karon na ja ƙofar da ƙarfi, amma abin ya riga ya shiga ya zauna.

Zango na uku ba wanda ya ƙara kiran sunan Masunta. Jama'a gaba ɗaya suka koma roƙon golan baƙi.

"Ɗan albarka, ɗan matsa gefe!"

"Ɗaya tak! Ba za mu gaya wa kowa ba!"

"Kai yaro, ba ka da uwa ne? Dubi tsofaffi!"

Yaron ma hawaye yake ta cikin ƙarfen fuskarsa, amma ko gezau. Yaranmu suna fitowa daga hazo su buga, ya tare, su koma cikin hazo suna tari. Da jama'a suka ga ba imani a wurinsa, sai suka juyo kaina. Wani ya fara daga sama, fili ya ɗauka.

"Orval, danna! Orval, danna!"

Shekara da shekaru ina mafarkin ranar da fili zai kira sunana da murya ɗaya, ga ta ta zo. Na hango Helmi ba ta ihu, kallona kawai take, irin kallon da ke nufin akwai zama a gida.

Wasa ya kusa tashi sai wani yaronmu ya ɓullo daga hazo ya ɗirka wa faifai sanda. Na ji ƙarfe ya ce ƙwal. Faifai ya ɓace. Har gobe, ko gaban alƙali, ni na ga ya shiga. Na danna.

Ƙaho ya yi kuka.

A lissafina, daskararren kifi yana tashi kamar sanda, ya sauka ya yi sulu a kan ƙanƙara gwanin sha'awa. Ban yi lissafin narkakke ba. Narkakken kifi suɓucewa yake, wani ya rabu biyu a sama, wani ya tafi ya bar maka wutsiya a hannu. Na layukan sama kuwa, tsofaffi da masu ciwon kafaɗa, nasu bai ko kai gilashi ba, a layin gaba ya yi ta sauka. A tsakiyar layin gaba kuma akwai mutum ɗaya mai farar kwat.

Wanda ya kai ƙanƙara ya faɗi ya manne, sanyi ya kama shi nan take. Alƙalin wasa ya taho yana kaɗa hannu yana busa usur cewa ba a ci ba, ya taka kan wani kifi, ƙafafunsa suka yi sama. 'Yan wasa suka koma rarrafe. Karnuka suka shiga fili, su ma santsi ya kwashe su, suna wucewa ta gabana a zaune da kifi a baki. Aka fito da motar gyaran ƙanƙara, ta haɗiyi kaɗan, ta yi tari, ta mutu a tsakiyar fili. Faifan kuwa a can kusurwa aka tsince shi. Yadda aka yi ya fita daga raga ya je can, wannan sai masana.

Alƙali ya rarrafa ya kai ga lasifika ya ce ba ci, an tashi wasa, nasara ta baƙi ce. Sai ga Goggo Sirkka ta taho a hankali, kifinta a hannu, ita kaɗai ba ta jefa ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma har rufi an ji ta.

"Ba a ci ba. Kun jefa kafin lokaci, dukanku."

Mu da ba mu yarda da camfi ba, na ga fada da kansa ya haɗiyi yawu.

Na fito na nufi Mista Krahn. Kwat ɗin ta tashi daga fara ta koma abin da ba shi da suna, ga kan kifi ya leƙo daga aljihunsa yana kallona.

"Ranka ya daɗe, ka ce a cika. An cika."

"An cika, Thibodeau."

"Har matakala."

"Har aljihuna."

Na zaci zagi zai yi, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya karɓi lasifika ya juya ya fuskanci jama'a.

"Kifi ba komai ba ne, kwat ma ana wankewa. Tambaya ɗaya gare ni. Asabar mai zuwa akwai wasa. Ba kyauta, ba kifi. Wa zai dawo? Ya ɗaga hannu."

Na ɗaga nawa har kafaɗata ta yi ƙara. Goggo ta ɗaga sanda. Arvo ya ɗaga, Helmi ta ɗaga ba tare da ta dube ni ba. Can gabas hannu kaɗan, can yamma kaɗan, mu ɗin nan dai da mai sanarwa ya san sunayenmu. Sauran kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Wani daga sama ya ce, a hankali, wai Asabar akwai babban wasa a talabijin.

"Ku ɗaga mana!" na yi ihu. "Hannu ne fa kawai! Ko ƙarya ce ku ɗaga!"

Ba wanda ya motsa. Mutanenmu za su riƙe ruɓaɓɓen kifi a cinya har wasa ya tashi, amma ba za su yi wa baƙo ƙarya ba. Krahn ya ce ya gode, ya ajiye lasifika, ya fita, karnuka biyu suna bin sa.

Da kakar wasa ta ƙare babbar mota ta zo kwasar Masunta. Ban yi talla ba, ban yi wa kowa alkawari ba, amma gari kaf ya fito. Titi ya cika daga fili har gidan mai, kowa cikin rigar ƙungiya, mata suna miƙa wa yaran burodi da soyayyen nama ta taga, ƙarti suna fyace hanci. Na ce wa Helmi ta duba, wannan taron ma ai albarkacina ne. Ta ce in rufe mata baki.

Koci Yvon ya leƙo ta taga ya daɗe yana kallon jama'ar. A karo na farko na ga mamaki a fuskarsa.

"Ina kuka shiga duk shekarun nan?"

Sai Arvo ya cire hularsa.

"Ka yi haƙuri, koci. Yau kaɗai muka tabbata in mun fito ba za a ci mu ba."

Titi ya bushe da dariya, har direba. Ni ma na buɗe baki zan taya su, sai kuka ya riga dariyar fitowa, da ƙarfi kuwa, a gaban gari duka.